Kwallin Yayata da Na'urar 'Yata

Ustaza Nawal, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni kafin Juma'a. Idan Juma'a ta riske ni a yadda nake, ko dai in rasa yayata ko in rasa 'yata, kuma duk wadda ta rage a cikinsu ba za ta sake zuba mini shayi da sakin fuska ba.

Ki yi haƙuri da rubutuna. A aji biyar na firamare na yi sallama da makaranta, har yau kuma ban ji malamai sun aiko a nemo ni ba. Shekara talatin da huɗu na yi ina jan ƙaramar bas tsakanin Salt da Amman. Ilimina bai wuce birki da oda da yadda ake cusa mutum ashirin a kujerar mutum goma sha huɗu ba. Na sauya sunayen mutanen da zan ambata, ko da yake duk ɗan ƙauyenmu da ya karanta zai gane mu tun daga layin farko.

'Yata ta uku, Ruba, dakta ce, amma ba irin wadda za ta auna maka hawan jini ba, na gwada. Tana aiki a cibiyar binciken nan da ke kan tudu, tafiyar minti ashirin daga gidanmu, inda suke da wani ƙaton zobe a cikin gini. Ta yi mini bayaninsa ya fi sau goma. Abin da na riƙe shi ne, shataletale ne da ba a fita daga cikinsa. Ana sako wasu 'yan ƙwayoyin lantarki da ido ba ya gani, a yi ta korarsu da gudun da ko ni ban taɓa yi ba a gangaren Suwailih, har su fara tsartuwar wani haske. Da hasken nan ake leƙa cikin abu a faɗi duk abin da ke ciki: ƙasar gona, maganin asibiti, dutsen ƙoda, tsohuwar takarda da rubutunta ya goge. Ni dai na ɗauki wannan bayani na zuba masa gishiri, na yi shekara biyar ina cika baki da shi a zauren danginmu.

A zauren nan akwai ɗan baffana, Abu Mifleh, babbanmu, mutumin da ko gaisuwa zai yi maka sai ya soka maka allura a ciki. Wata rana bayan la'asar ya dube ni ya ce, "Abu Haisam, shekara goma sha biyu yarinya tana karatu, ashe gadin fitila za ta ƙare da shi." Aka bushe da dariya. Na ce fitilar nan babu asirin da ba ta tonawa. Ya ce to ta tono mana asirin kwallin Hajja Fidda, wanda matan dangi suka yi shekara arba'in suna nema ba su samu ba. Na kama gashin bakina na ce an gama.

Hajja Fidda ita ce yayata. Ta girme ni da shekara goma sha ɗaya. Ina ɗan shekara shida mahaifiyarmu ta rasu, ita ta yi mini wanka, ita ta cire mini ƙwarƙwata, ita ta je ta zagi malamin da ya fasa mini baki. Kuma ita ce mai kwallin danginmu. Duk jaririn da aka haifa, ranar bakwai ita ke zuwa da tandunta na tagulla ta sa masa kwalli da hannunta, ba ta taɓa karɓar ko alawa a kai ba. A wurin mahaifiyarmu ta koya: a kunna lagwanin auduga cikin man zaitun, a kifa faranti a kai, a kankare baƙin. Shekara ashirin da suka wuce sai ta fara ƙara wani baƙin dutse mai ƙyalli da take saye a wurin wani mai kayan ƙamshi a tsohuwar kasuwar Amman, wai ya fi kama ido. Kwana uku take yi tana daka shi, ta jiƙa da ruwan wardi, ta tankaɗe da ɗankwalin siliki.

Na ɗebi kaɗan daga tandun matata, na ƙulle a takardar taba, na kai wa Ruba, ban tambayi Hajja ba. Ruba ta ce na'urarsu ba bas ba ce da za a ɗaga mata hannu ta tsaya, masana daga Turkiyya da Pakistan sukan yi watanni suna jiran a ba su kwana biyu. Amma aka yi dace wata abokiyar aikinta 'yar Masar ta sami nata lokacin don binciken kayan kwalliyar da ake sayarwa a kasuwanni, suka nemi izini aka sa namu a ciki. Ni kuwa na koma zaure na ce su shirya kunnuwansu.

Bayan wata huɗu Ruba ta zo, lokacin cikinta ya fito, da wata takarda mai zane kamar duwatsun Ajlun. Ta ɗora yatsa a kan dutsen da ya fi tsawo ta ce wannan dalma ce, kuma ta fi rabin kwallin. Ta ce tana bin hawaye ta gangara maƙogwaro, yaro ya murje ido ya tsotsi hannu, ta shiga jini ta zauna a ƙwaƙwalwa, ba zazzaɓi ba ƙurji, sai dai a ga yaro ya tashi ba ya riƙe karatu. Na ce alhamdu lillahi, yau na gano abin da ya tsayar da ni a aji biyar. Ba ta yi dariya ba. Ta ce lokacin da aka haife ni babu dutsen, in nemi wani uzurin. Sannan ta roƙe ni in gaya wa Hajja da kaina, a keɓe, don magana irin wannan ta fi sauƙin haɗiya daga bakin ƙane.

Na ce in sha Allahu. Ustaza, kin san irin in sha Allahun da nake nufi. Sau uku na je gidan Hajja da takardar a aljihu, sau uku tana ajiye mini burodi mai zafi da man zaitun tana ce mini na rame, in ci in tashi in dawo da takardata. Ruba ta tambaye ni ko na faɗa, na ce an yi magana. Ai an yi magana, maganar farashin tumatir. A zaure kuwa na ce musu na'ura tana kan aiki, asirin ya yi mata nauyi.

Ranar Asabar da ta wuce aka yi bakwai ɗin 'yar da Ruba ta haifa, Lujain, a gidana, don a nan take jego. Na yanka raguna biyu. Ina cikin rumfar maza, hannuna cikin mansaf, shinkafa da naman rago da muke ci a biki, har wuyan hannu, sai na ji ihun mata. Matata ce ta ba ni labarin daga baya. Hajja ta karɓi jaririya, ta yi bisimilla, ta zaro tsinken kwalli. Ruba ta zabura daga kan gado ta cafke mata hannu, hannun da ya yi mini wanka, ta ce, "Gwaggo, ba a idon 'yata ba, guba ce! Ba Baba ya gaya miki ba?" Hajja ta ce, "Wane Baban? Ya gaya mini me?" A gaban mata arba'in. Tandu ya faɗi, kwalli ya watse a kan dardumar da muka aro. Nan take wata matar ɗan'uwanmu ta ɗora hannu a ka tana cewa ashe shi ya sa ɗanta yake maimaita aji huɗu. Yaron nan, Ustaza, ubansa ma sau biyu ya maimaita aji huɗu, tare muka yi. Hajja ta ja mayafinta ta fita, ko loma ɗaya ba ta ci ba. Tun ranar ta rufe ƙofarta. Jikarta ta ce ruwa kawai take sha, tana zaune tana ƙirga sunayen yaran da ta sa wa kwalli. Shekararta saba'in da uku.

Yanzu ga inda na ƙarasa kashe kaina. Ranar Talata Abu Mifleh ya zo gidana da dattawa uku. Na zuba masa gahawa, ya karɓi finjali ya ajiye a ƙasa bai kurɓa ba. Babba ya ajiye finjali a gidanka, ya zo da buƙata ke nan, ba zai sha ba sai ka biya ta, kuma idan gahawar ta huce a wurin, har jikokinka sai an yi musu gori. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, in aka yi masa haka yakan ce, faɗi buƙatarka, in tana hannuna ka samu. Ni kuwa da na ga tururin yana raguwa, ga idon dattawa a kaina, ga laifina a raina, sai bakin nan nawa ya riga ni. Na ce, "Sha gahawarka, Abu Mifleh, abin da ka zo nema ka samu." Ban ji mene ne ba! Ya ɗauka ya shanye, ya girgiza finjali, ya goge gashin baki, sannan ya faɗa: ranar Juma'a bayan an sauko, Ruba ta je gidan Hajja, ta sumbaci kanta, ta faɗa a gaban mata cewa na'ura ce ta yi kuskure, sannan ta miƙa mata Lujain ta sa mata kwallin da hannunta.

Ruba ta ce kan Gwaggo za ta sumbata, har ƙafarta ma, sau ɗari. Amma ba za ta ce an yi kuskure ba, don sau uku aka auna, kuma kwallin nan ba zai taɓa idon 'yarta ba. Na yi mata tsawa na ce sau ɗaya ne fa, ɗan zizara ɗaya, dukan yaran dangi an sa musu ga su nan suna yawo da ƙafafunsu. Na ce da na san inda karatun zai kai mu ke nan da tuƙi na koya mata. Ta ce, "Da ka koya mini tuƙi, Baba, za ka ce in ɗauki fasinja a motar da ba birki don kada ran Gwaggo ya ɓaci?" Kin ji 'yar da na haifa. Mijinta Mu'ayyad, malamin lissafi ne, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya ce mini cikin ladabi idan na matsa, ranar Alhamis zai kwashe iyalinsa su koma Irbid, kuma Lujain za ta san ni a hoto.

Haushi nake ji, Ustaza, har abinci ba ya yi mini daɗi. Ina jin haushin wannan zobe. Ƙasashe sun haɗu sun gina abu kamar filin ƙwallo, ba su sami abin haskawa ba sai tandun tsohuwa? Ina jin haushin mai kayan ƙamshin nan da ya yi shekara ashirin yana ce wa yayata dutsen mai albarka ne. Ina jin haushin Abu Mifleh, wanda ya san sarai bakina ya fi ƙwaƙwalwata gudu, ya ɗana mini tarko da finjali. Ina jin haushin Ruba. Duk karatun nan ba a koya musu yadda ake cewa idon jaririya yana ciwo a bari sai wani mako ba? Dole sai an ce guba a gaban taro? Akwai kuma wani direba mai ritaya da nake haɗuwa da shi a madubi, shi ma ba ma ga maciji.

Ki gaya mini gaskiya. Sau ɗaya tak zai yi wa yarinyar illa? Mene ne aibin 'yar ƙaramar ƙarya in za ta sa tsohuwa ta ci abinci? Kuma ta yaya namiji zai janye maganarsa bayan an shanye gahawa a kanta? A danginmu ba a taɓa yi ba, ni kuma ban shirya zama na farko a wani abu ba a wannan shekarun.

Baban Dakta,
daga wani ƙauye a bayan Salt.

*

Wa alaikas salam, Baban Dakta. Wasiƙarka ta sa ni dariya sau biyu, daga nan dariyar ta tsaya. Ka jero mutanen da kake jin haushinsu, ka bar wanda ya fi su laifi a ƙarshen layi. Amma tun da ka ambace shi da kanka, ba zan ƙara masa bulala ba.

Bari in fara da abin da ba shi da sassauci. Kwallin nan ba zai shiga idon Lujain ba, ko sau ɗaya. Na tuntuɓi wata likitar yara kafin in ba ka amsa, ta ce babu wani ɗan kaɗan na dalma da aka yarda cewa ba ya cutar da jariri. Wataƙila zizara ɗaya ba za ta nuna komai ba, amma babu mai iya yi maka rantsuwa, kuma kai ba za ka so a yi gwajin a kan jikarka ba. Ƙaryar da kake kira ƙarama ma ba ƙarama ba ce. Idan Ruba ta tsaya ranar Juma'a ta ce na'ura ta yi kuskure, ranar Asabar kowace uwa a danginku za ta ciro tandunta da kwanciyar hankali, tun da dakta ta wanke shi. Ba jaririya ɗaya ake ciniki a kanta ba.

Ruba ma tana da nata laifin. Kalmar guba a gaban mata arba'in ta yi wa tsohuwa nauyi, kuma da ta bi sawun saƙonta da kanta tun kafin ranar. Wannan ya cancanci ban haƙuri, ta kuma yarda za ta ba da. Amma ka tuna, mai jego ce ta ga tsinke ya nufi idon 'yarta, tana kuma zaton mahaifinta ya cika abin da ya ce ya cika. Na'urar da kake zagi kuwa, ba ta ƙara wa kwallin komai ba. Abin da ya shekara ashirin a ciki ta nuna.

Hajja ba ta yi laifi ba, kuma ina ganin kun kasa karanta ciwonta. Matar da ke zaune tana ƙirga sunayen yara ba mutuncinta take yi wa kuka ba, tsoro take ji ko ta cuce su. Irin wannan ba ta warkewa da ƙarya, don ita da kanta ba za ta yarda da ƙaryar ba. Ka je wurinta yau, kai kaɗai, da takardar. Ko ba ta buɗe ba ka zauna a bakin ƙofa ka yi magana. Ka gaya mata ka ɗebi kwallinta ba da saninta ba don cika baki, ka kuma zauna a kan sakamakon wata da watanni saboda tsoro. Ka gaya mata aibin a dutsen da aka sayar mata yake, ba a hannunta ba, ba kuma a abin da mahaifiyarku ta koya mata ba. Ka bar barkwancinka a gida, na rana ɗaya.

Daga nan ka wuce wurin Abu Mifleh tun kafin Alhamis, tare da limaminku da ɗaya daga cikin dattawan da suka shaida. Ka ce masa ka yi kyauta da abin da ba naka ba. Idon Lujain na iyayenta ne, gaskiyar Ruba kuma tata ce, al'adar da kake jin tsoro ita kanta ba ta ɗora wa mutum abin da ba ya hannunsa ba, shi ya sa mahaifinku yake gindaya sharaɗinsa. Sai ka miƙa abin da yake naka: ka tashi a zaure ka faɗi laifinka da bakinka, ka yi yanka ka ciyar da dangi don girmama yayarka. Za a yi ta tsokanarka har shekaru. Kai da ka saba sa mutane dariya, za ka iya ɗaukar a yi ta a kanka. Ina kuma kyautata zaton Abu Mifleh yana da jikokin da aka sa wa kwallin nan, ka tuna masa a hankali.

Sauran aikin na asibiti ne. A auna jinin ƙananan yara da masu ciki, da ita kanta Hajja da ta daɗe tana shaƙar garin dutsen. A daina amfani da abin da ya rage a gidaje, a kai ragowar dutsen ga jami'an lafiya, don ba ku kaɗai kuke saye a kasuwar nan ba. Uwar mai maimaita aji huɗu kuma a ce mata ta dakata da yanke hukunci sai an auna. Idan Hajja ta amince, ita ta fi dacewa ta bi gida gida ta karɓe tandunan. Mata za su ji maganarta fiye da ta kowace dakta, ita kuma za ta sami abin da za ta yi da tsoron da ke cinta.

Ranar Juma'a Ruba ta je, ta sumbaci kan gwaggonta, ta ɗora mata jaririyar a cinya ta yi mata addu'a, ido babu komai. Ba zan yi maka alkawarin Hajja za ta huce a ranar ba. Tana iya yin watanni ba ta dube ka ba, kuma tana da hakki. Fushin yaya ana lallashinsa ya sauka, amma abin da dalma ta ɓata a kan yaro ba kasafai yake dawowa ba. Ka zaɓi wanda ake iya gyarawa.

Allah ya raya Lujain bisa lafiya, ya sanyaya zuciyar Hajja, ya ba ka ƙarfin ƙwanƙwasa ƙofar nan yau.

Nawal